Daɓen Katako Ya Karce? A Duba Kafin a Kira Mai Inji

Yawancinmu a Gyadi-Gyadi da Tarauni a kan daɓen siminti muka tashi, daga baya tayil ya shigo. Yanzu kuwa a sababbin gidaje da ofisoshin da ke gefen Titin Zariya, har da dandamalin da mawaƙa ke tsayawa a wasu majami'u, ana shimfiɗa daɓen katako na kamfani. Yana da kyau a ido, amma tsada gare shi, kuma ba a jimawa sai a ga ya karce. A nan ne hasara ke shigowa, gama da yawa sukan kira mai injin goge katako ya bi ɗakin gaba ɗaya.

'Yan'uwa, wannan katako ba irin madacin da kafintocinmu ke saya a 'Yan Katako ta Na'ibawa ba ne, wanda ake fere shi sau da yawa yana nan da kaurinsa. Shi fallen katakon ainihi ne aka manna a kan filawud. Kaurin fallen yakan kama daga ƙasa da milimita 1 zuwa milimita 6, inji kuwa yakan cinye kusan milimita 1 a gugar farko. Idan fallen bai kai milimita 2 ba, inji zai huda shi, filawud ya bayyana, ba kuwa sauran gyara sai sauyi. Akwai kuma wani iri da ake kira laminet, wanda hoton katako ne kawai a kan takarda. Shi ko kaɗan ba a goge shi. Saboda haka a tambayi wanda ya shimfiɗa, ko a duba gefen wani guntu da ya rage.

Sa'an nan a gwada zurfin karcen da farce. Idan farce ya wuce bai maƙale ba, folish ɗin sama ne kaɗai ya ji ciwo. A share wurin da tsumma mai ɗan laima, a bari ya bushe, a shafa folish irin wanda ke kansa. Idan farce ya maƙale, kuma launin katako ya yi fari, a goge wurin da hannu da sanfefa mai laushi, lamba 180 ko 220, ana bin tsawon jijiyar katakon, ba a gicciye ba. A sa launi da ya dace, a rufe da folish. Rami mai zurfi kuwa ana cika shi da kakin gyaran katako, ko da garin katako da aka kwaɓa da gam, a daidaita shi da gefen katin roba. A fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa. In allo ɗaya ya lalace ƙwarai, shi kaɗai za a cire a sa wani. Don haka ne ya kamata mai gida ko kwamitin gini su ajiye ragowar allunan.

Mu kuma lura da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan busar da Kano har laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai katako ya tsuke, 'yan ramuka su buɗe tsakanin allunan. Kada a cika su. Sa'ad da ruwan Agusta ya sauka katakon zai kumbura ya rufe su da kansa. In an cika, allunan za su tura juna su tashi.

Riga-kafi ya fi magani. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, da yashin da takalma ke kwasowa daga titi, su ne sanfefar da ke cin daɓen kullum. A ajiye tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, a riƙa shara da tsintsiya mai laushi, kada a kwarara ruwa kamar yadda muke yi wa siminti. A manna guntun kafet a ƙafafun kujeru da bencuna, a koya wa matasa ɗaga lasifika da ganguna maimakon jansu. Kuɗin da aka tara da gumi aka sayi daɓen nan, bai kamata yashi ya cinye su ba.