Zafin salansa ake so, ba hayaƙinta ba

Tun da maganar busar da shinkafa da zafin inji ta fara yawo tsakanin manoma, ake ta jin wani zance mai ban takaici: wai ka juya bakin salansar injin ban ruwa ya kalli tarin shanshera, shi ke nan, ta bushe. Jama'a, wannan ganganci ne da abincin mutane.

Ita dabarar amfani da zafin inji tana da tushe. Ana yanke shinkafa da danshi kashi 20 zuwa 25 cikin 100, kuma ba ta ajiyuwa sai ya sauko 14. Injin dizal kuwa, kusan sulusin ƙarfin man da ya sha ta salansa yake fita a banza. Wanda ya ci moriyar wannan zafi ya huta da sayen itace, ya huta da shanya a bakin kwalta.

Amma hayaƙin guba ne, ga kunkunniya, ga iskar da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki. A 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar hayaƙin dizal yana jawo cutar. Masu cewa ai ɓawo zai tare, ina suka bar dusar da ake ba dabbobi? Wa zai raba tsaba da baƙin da ya manne wa ɓawon idan an shiga casa? Ga warin mai da ba ya fita ko an wanke. Zafin ma da kansa ya kai ɗaruruwan digiri: ya tsattsage ƙwayar, ta kakkarye a inji, ɗan kasuwa ya taya ta a wulaƙance. Abin da ba za ka dafa wa 'ya'yanka ba, don me za ka kai shi kasuwa?

Ga yadda ake yi. A sa mai walda ya zura bututun hayaƙin cikin wani babban bututu, hayaƙi ya fice waje ta hanyarsa, fanka ta turo iska mai tsabta ta shafi ƙarfen ta ɗumama, sannan ta bi ta ƙarƙashin ragar da aka shimfiɗa shinkafar. Kada a matse bututun hayaƙin, inji zai shaƙe. A riƙa duba waldar. Ko ƙaramar huda ce, a tsaya a gyara. A sa ma'aunin zafi, kada zafin iskar ya wuce digiri 43, musamman idan iri ne. A fara busarwa cikin awa 24 da yanka, a riƙa juyawa, a bari ta huce kafin a ɗura a buhu. Injin kuma a fili zai zauna, nesa da bambaro da ƙaiƙayi.