Waya a Jakar Ɗalibi: Dokar Hani da Jarrabawar Kwamfuta Sun Haɗu a Bagadaza

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, layukan unguwar Bagadaza da ke birnin Gombe kan cika da 'yan makaranta, wasu a ƙafa, wasu a cikin Keke Napep. A jakar wasu manyan ɗaliban sakandare, tsakanin littafin lissafi da gorar ruwa, akwai wayar hannu. Kafin su kai bakin ƙofar makaranta sun riga sun yanke shawara: ko dai a kashe ta a cusa can ƙasan jaka, ko a bar ta a shagon mai cajin waya sai an tashi. Idan malami ya kama ta, ofishin shugaban makaranta za ta kwana har sai uba ya zo da kansa.

Hanin ba sabo ba ne. A kwalejojin haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, irin su FGC Billiri da FGGC Bajoga a Jihar Gombe, waya tana cikin kayan da aka hana ɗalibi shigowa da su, kuma iyayen da ke da 'ya'ya a can sun san yadda ake zazzage akwati ranar komawa. Makarantun jeka-ka-dawo kuwa, na jiha da masu zaman kansu, kowace da irin tsananinta, domin tsarin mulki ya raba alhakin ilimi tsakanin tarayya da jihohi.

Hujjar malamai tana da ƙarfi. Wanda ke tsaye gaban aji mai cunkoso ba zai iya gogayya da TikTok da WhatsApp ba, kuma waya ɗaya da aka kunna a ƙarƙashin benci takan ɗauke hankalin layi guda. Ga satar amsa: hukumomin WAEC da NECO da JAMB duk sun hana shiga zauren jarrabawa da waya, kuma dokar hukunta maguɗin jarrabawa tana nan tun 1999.

Ƙasashen waje ma sun bi wannan hanya. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare a 2018. Rahoton UNESCO na 2023 ya nemi kada a shigar da fasaha aji sai inda za ta taimaki karatu. Holan ta bi sahu a 2024, Birazil kuma a 2025. Wani bincike da aka fitar a 2015 kan makarantun birane huɗu na Ingila ya nuna sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan hana waya, musamman ga ɗalibai masu rauni. Sai dai binciken Jami'ar Birmingham na 2025 bai ga wani bambancin a zo a gani ba tsakanin makarantu masu tsauri da masu sassauci, domin yara suna rama lokacin a gida.

Amma yaron Faransa da aka raba da wayarsa yana da kwamfuta a makaranta, galibi ma a gida. A nan ne misalin ya daina dacewa da Bagadaza. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da cewa WAEC da NECO ma za su koma wannan tsari. Ga ɗalibai da yawa a unguwanni irin wannan, wayar yayansu ko ta mahaifiyarsu ita ce na'ura ɗaya tilo da suke gwada tambayoyin shekarun baya a kanta. Gaskiya ne shafa gilashin waya ba ya koya wa yaro sarrafa kwamfuta. Duk da haka, makarantar da ta ƙwace wayar alhali ɗakin kwamfutarta a kulle yake saboda rashin wuta ko rashin malami, ta aiwatar da rabin manufar da ba ya cin ko kwabo, ta bar rabin da ke buƙatar kasafi. Wannan ya kamata masu rubuta takardun umarni a Abuja su riƙa tunawa.

Akwai kuma tsoron iyaye. Mutanen Gombe ba su manta da harin da aka kai FGC Buni Yadi a maƙwabciyarsu Jihar Yobe a Fabrairun 2014 ba, haka ma sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020. Uwar da 'yarta ke wucewa Islamiyya daga boko, ba ta dawowa sai dab da magariba, ba don nishaɗi ta saya mata ƙaramar waya ba.

Matsakaiciyar hanyar da aka fi kawowa ita ce a karɓi wayoyi da safe, a kulle a akwati, a mayar bayan tashi, sannan makaranta ta bai wa iyaye lamba guda da ake ɗauka a kowane lokaci. A takarda abin yana da sauƙi. Amma mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 70,000 ne tun 2024, kuma babbar waya mai matsakaicin kuɗi takan haura haka. Malamin da aka damƙa wa makullin akwati mai wayoyi arba'in zai so a faɗa masa a rubuce wanda zai biya idan ɗaya ta ɓace.