Dandaji: yadda tsohon masallaci ya koma gidan karatu ba tare da an rushe shi ba

A garuruwan Adar da dama, idan masallacin ƙasa ya tsufa ko ya yi wa jama'a kaɗan, abin da aka saba shi ne a rushe shi a ɗora na siminti da rufin kwano. Haka tsofaffin gine-gine ke ɓacewa, su tafi da sanin maginan da suka yi su. Garin Dandaji, a jahar Tahoua, ya bi wata hanya dabam, kuma yau masana gini na duniya suna ba da misali da shi.

Tsohon masallacin Juma'a na Dandaji aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da ya yi masallacin Yama. An fara ginin na Yama a shekarar 1962, daga baya aka ƙara masa tulluwa da hasumiyoyi huɗu, ya kuma ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Da na Dandaji ya fara lalacewa, jama'a kuma suka ƙaru, sai aka yi tunanin rushe shi.

A nan ne masu zanen gini biyu suka shigo: Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar wadda ta kafa ofishin atelier masōmī a Yamai, da Yasaman Esmaili, ƴar ƙasar Iran. Shawararsu ita ce a gina sabon masallaci a gefe, a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu. An kammala aikin a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda malaman da suke haɗa ilimin addini da na kimiyya.

Sabon masallacin yana ɗaukar mutum kusan 1,000. An gina shi da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da na'ura. Irin wannan tubali ya fi na hannu jure ruwan sama, kuma ba ya tara zafi kamar bulon siminti, don haka ciki yakan yi sanyi ko da bazara. Shi kuwa tsohon ginin, maginan da suka yi aikinsa tun farko aka kira suka gyara bango da rufi. A ciki an sa kantocin littattafai da wuraren zama, har da bene ƙarami na karatu. Akwai azuzuwan yaƙi da jahilci da na koyon sana'a, abin da ya ba mata da matasa dalilin shiga harabar a kowace rana. Aikin ya ci lambar zinariya ta LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, sannan lambar azurfa ta duniya a 2018.

Wannan matsala ba ta Musulmi kaɗai ba ce. A Turai majami'u masu tarihi da yawa sun rasa masu ibada, kuɗin kula da su kuma ya yi nauyi. A birnin Mastirik na ƙasar Holan, wata majami'a ta ƙarni na 13 ta koma shagon littattafai a 2006; an kafa kantoci na ƙarfe masu hawa-hawa a ciki ba tare da an taɓa bangon asali ba. Bambancin shi ne a majami'un Turai da yawa jama'a ne suka ragu, a Dandaji kuwa yawa suka yi. Amma dabarar ɗaya ce: ginin da ake shiga kullum shi ake lura da tsagewarsa a gyara da wuri.

Abin da ya rage shi ne kulawa. Ginin ƙasa yana son yaɓe akai-akai, da gyaran indararo kafin damina, ɗakin karatu kuma yana son littattafai da mai tsaro. Duk unguwar da ke shirin rushe tsohon masallacinta, a birnin Tahoua ko a ƙauyukan Adar, za ta iya fara kiran tsofaffin magina su duba ƙarfin bangon, sannan a tambayi jama'a abin da garin ya rasa: aji, ɗakin karatu ko zauren taro.