Garkuwa Daga Makaman Nukiliya: Kariya Ce Ko Tsokana?

A ran 23 ga watan Maris, 1983, Shugaba Ronald Reagan na Amurka ya yi wa mutanen ƙasarsa jawabi, inda ya nemi masana kimiyya su ƙago wata garkuwa wadda za ta kakkaɓo makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet tun suna sama, kafin su sauka bisa biranen Amurka. Yau fiye da shekara 40 ke nan, amma gardamar da jawabin ya tayar ba ta kwanta ba.

Masu goyon bayan garkuwar suna cewa abin da ya hana manyan ƙasashe gwabzawa shi ne tsoron ramuwa kawai, wato zaman kar-ta-san-kar. Makami mai linzami kuwa yana tashi daga Rasha ya isa Amurka cikin kamar minti 30. A ganinsu bai kamata a rataya rayukan miliyoyin mutane ga hankalin abokin gaba ba, balle ga na'ura mai iya kuskure. Sukan kawo misalin watan Satumba na 1983, sa'ad da na'urorin Sobiyet suka nuna wai Amurka ta harbo makamai, sai da wani hafsa, Stanislav Petrov, ya ƙi yarda da rahoton. Ga kuma Koriya ta Arewa, wadda ta gwada bam ɗinta na farko a 2006.

Masu suka kuwa hujja biyu suke kafawa. Ta farko ita ce wuyar aikin. Kan makamin yana gudun kusan kilomita 7 a daƙiƙa guda, kuma mai harbi yana iya sakin balan-balan tare da shi. Da yake babu iska a can sama, da na gaske da na bogi tafiya ɗaya suke yi, mai tsaro ya rasa wanda zai auna. Ko a gwaje-gwajen da Amurka ta shirya da kanta, kusan rabi ne kawai aka dace.

Hujja ta biyu ita ce ta fi nauyi. Ƙera ƙarin makamai ya fi ƙera abin tare su araha. Saboda haka duk wanda ya ga maƙwabcinsa yana ɗinka garkuwa, sai ya ƙara yawan māsu, don yana zaton ana shirin sukarsa ne a hana shi ramawa.

Wannan tunani ne ya sa Nixon da Brezhnev suka sa hannu a yarjejeniyar 1972 a Mosko, wadda ta ƙayyade wa kowace ƙasa sansani biyu, aka mai da shi ɗaya a 1974. Sansanin da Amurka ta gina a Jihar Dakota ta Arewa bai cika shekara yana aiki ba aka rufe shi a 1976. Haka kuma a taron Reykjavik na 1986, Reagan da Gorbachev sun kusa daidaitawa kan gagarumin ragin makamai, amma batun garkuwar ya watsa zancen.

Amurka ta fice daga yarjejeniyar a 2002, zamanin George W. Bush. Zuwa 2017 ta girke makaman kakkaɓowa 44 a Alaska da Kalifoniya, alhali Rasha tana da kawunan nukiliya fiye da 1,500 a ɗane. Duk da haka a 2018 Shugaba Putin ya bayyana sababbin makamai waɗanda ya ce an yi su ne domin su kauce wa garkuwar. A 2025 kuma Shugaba Trump ya ba da sanarwar sabon shiri mai suna Golden Dome, wanda ya ce zai ci dala miliyan dubu 175.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, garkuwa tana iya tare makami ɗaya ko biyu daga ƙaramar ƙasa, ko wanda ya kuɓuce bisa kuskure. Amma tsakanin manyan ƙasashe, yarjejeniya ce ta taɓa rage yawan makamai, ba garkuwa ba. In kuwa aka yi sake wuta ta tashi, hayaƙinta ba zai tsaya a iyakar waɗanda suka hura ta ba.