Idan Ɗori Ya Matse, Kada A Jira Gari Ya Waye

A kantin maganinmu a Kafanchan, iyaye kan zo neman diclofenac saboda yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, mai ɗori ya ɗaure masa hannu da karare. Ni kuwa yatsunsa nake fara tambaya. In sun kumbura, sun yi sanyi ko baƙi, ko zogin ya ƙi lafawa, ɗaurin ne ya tare jini. Bayan kamar awa 6 nama kan fara mutuwa, har ta kai ga yanke hannu. Ƙwaya ɓoye ciwon kawai za ta yi.

A sassauta ɗaurin, a garzaya Asibitin Patrick Yakowa a ɗauki hoto. Karaya mai tsanani ana iya tura ta JUTH a Jos, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.