Me Ke Tsayar da Mota a Hanyar Kalakla?

Duk wanda ya taɓa ɗauko tumaki daga Jabal Auliya ya biyo ta Kalakla Laffa, zai haye Farin Nilu zuwa kasuwar dabbobi ta Muwailih a Umdurman, ya san abin da mutanen Sudan ke kira zahma, wato cunkoso. Rana tana dukan dabba a bayan mota, tana ramewa, kuɗinta yana raguwa.

To ku duba ƙofar garke. In shanu suka bi juna a jere, nan da nan sun fice. In suka taso gaba ɗaya, sai ƙaho ya sarƙe, ƙofa ta toshe. Titi ma haka yake.

Abu uku ake aunawa: gudun mota, yawan motocin da ke cikin kilomita ɗaya, da adadin waɗanda ke wucewa a awa. Na farko sau na biyu, shi ke ba da na uku. Ga misali: mota 20 a kilomita, suna gudun 60, a awa 1,200 za su wuce. Mota 60 masu gudun 30, sai 1,800. Amma in suka kai 120, gudu ya faɗi zuwa 5, mota 600 kacal ke wucewa. Kun ga ke nan, titi ya cika maƙil, amma aikinsa ya ragu.

Kuma ba sai an yi hatsari ba. A wani gwaji da masana a Japan suka wallafa a 2008, an sa mota 22 su yi ta zagaya da'ira mai tsawon mita 230. Ba shinge, ba mahaɗa, amma da ɗaya ya ɗan taka birki, na baya ya taka fiye da shi, sai cunkoso ya tashi yana tafiya baya-baya.

Bakin gada shi ne ƙofar garken. Tun da gadar Shambat ta karye a Nuwamban 2023, ƙofofin shiga Umdurman sun ragu.

Saboda haka direba, bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba, in kana da lodi ka ƙara. Kada ka buɗe sabon layi a gefe, don a bakin gada za ka dawo ka cusa kai, ka tsayar da kowa. Mai dabbobi kuma, shayar da su, ka yi lodi tun da asuba. Sauri ya haifi nawa. Allah ya kai mu lafiya.