Yadda ake zama malamin ba da shawara a makaranta: Karatu, horo da lasisi

A duk shekara, idan lokacin cike fom ɗin jarrabawar JAMB ya zo, akan samu ɗaliban da sai a sannan suke gano cewa darussan da suka ɗauka ba za su kai su ga burinsu ba. Yarinya na son karatun likita, amma tun ajin farko na babbar sakandare aka tura ta ɓangaren kasuwanci, ba ta taɓa zama ajin kimiyyar sinadarai ba. Shekara uku da kuɗin iyaye sun riga sun tafi. Hana irin wannan asara na daga cikin ayyukan malamin ba da shawara, wanda kuma ba kowane malami ne ya cancanci riƙe muƙaminsa ba.

Aikin ya kasu gida uku. Akwai shawara kan karatu, kamar zaɓen darussa da dabarun nazari. Akwai shawara kan sana'a, wato daidaita baiwar ɗalibi da aikin da zai iya yi nan gaba. Na uku shi ne abin da ya shafi rayuwa: damuwa, shaye-shaye, cin zali, ko rikicin gida da ke hana yaro mayar da hankali a aji.

Masana kan danganta mafarin aikin a Najeriya da shekarar 1959, lokacin da malamai mata 'yan cocin Katolika na kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su yi wa ɗalibai masu fita bayani kan sana'o'i. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, wadda aka sani da CASSON. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 kuwa ta tanadi a samar da irin waɗannan jami'ai a makarantun gaba da firamare.

Hanyar shiga aikin biyu ce. Ta farko ita ce mutum ya yi digirin farko a fannin jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi. Ta biyu, wadda malamai da ma'aikatan gwamnati suka fi bi, ita ce a yi digirin farko a wani fannin, sannan a koma jami'a neman digiri na biyu. Wanda digirinsa ba na ilimi ba ne, kamar mai digirin tattalin arziki ko injiniya, yawanci sai ya fara da babbar difloma ta koyarwa, wato PGDE. Jami'o'i kan kuma buƙaci shaidar yi wa ƙasa hidima ko takardar ɗauke nauyinta. Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin masu ba da wannan digiri.

A ajin digiri na biyu ana karantar da ilimin halayyar ɗan Adam, matakan girman yaro daga ƙuruciya zuwa balaga, dabarun tattaunawa da mutum ɗaya ko rukuni, yadda ake auna basira da sha'awar ɗalibi, da hanyoyin bincike. Daga ƙarshe ɗalibi ya rubuta kundi, ya kare shi gaban malamai.

Sai dai ƙashin bayan horon shi ne aikin gwaji. Ana tura ɗalibi wata makaranta ya zauna da yara na gaske masu matsala ta gaske, ya rubuta rahoto, malaminsa na bibiya yana gyara masa. A nan ne ake koyon sauraro ba tare da yanke hukunci ba, da riƙe sirri, da sanin iyakar sirrin. Idan yaro ya nuna alamar zai cutar da kansa ko wani, ko kuma ana cin zarafinsa, wajibi ne a sanar da waɗanda suka dace. Idan matsalar ta kai ga taɓin hankali, aikin malamin shi ne ya miƙa yaron ga likita.

Kammala karatu ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Duk mai aikin koyarwa yana buƙatar rajista da Hukumar Yi wa Malamai Rajista ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da doka a 1993, kuma tana shirya jarrabawar cancanta kafin ta ba da shaida da lasisi. A 2022 kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar kafa majalisar kula da masu aikin ba da shawara, wadda aka ɗora wa alhakin tsara ƙa'idojin ƙwarewa, yi wa ƙwararru rajista da ladabtar da masu saɓa ƙa'ida.

A Amurka, inda wannan fanni ya samo asali, kowace jiha ce ke ba da nata lasisin, kuma digiri na biyu ne mafi ƙarancin sharaɗi a kusan dukkansu. Hukumar CACREP mai tantance kwasa-kwasan ta shar'anta awa 100 na aikin gwaji, da ƙarin awa 600 na aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasar kuwa ta ba da shawarar kada ɗaliban da ke hannun jami'i ɗaya su wuce 250.

Saboda haka, mai sha'awar shiga aikin ya kamata ya fara tabbatar da cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da jami'ar da zai nema, ya tambayi yadda ake gudanar da aikin gwaji a can, ya kuma nemi izinin ƙaro karatu a rubuce idan ma'aikaci ne. Iyaye su ma suna da 'yancin tambayar shugaban makaranta: shin akwai malamin ba da shawara, wane karatu ya yi, kuma yana da ofis da lokacin ganin yara, ko an cika shi da darussa? Lokacin yin wannan tambaya shi ne kafin yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, domin daga nan ne ake raba ɗalibai zuwa kimiyya, fasaha ko kasuwanci.